Tafintan da Na Nemo wa Kaina a Kotu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya gaban alƙali a Dubai ina kwaikwayon baƙauye ba, ni da na shekara takwas ina ciniki da Larabawa a kasuwar Naif.

Katin banki ne ya ja min, irin na ci yau biya gobe. Lokacin da kasuwa ke ci na karɓe shi, na yi ta gogawa kamar gadon ubana. Da harkoki suka karye a 2009 sai na sauya lambar waya, na koma unguwar Al Qusais, na ce khalas, shi ke nan, sun manta. Ashe bashin yana can yana haihuwa. Bayan shekara huɗu masu karɓar bashi suka maka ni a kotu, aka kawo sammaci har shagon kago, na masu tura kaya gida, da nake aiki.

Tsautsayi kuma, a gaban Alhaji Mamuda aka miƙo min. Alhaji babban ɗan kasuwa ne daga Kano, ni nake loda masa kwantena, kuma da lodin nan nake ci nake biyan haya. In ya janye kayansa, na kaɗe har ganyena. Da ya ce, "Lafiya?" sai bakina ya riga hankalina: "Alhaji, aikin ido aka yi wa Hajiyata, shi ne na ci bashi." (Hajiya kuwa har gobe tana zura zare a allura ba tabarau.)

Idon Alhaji ya kawo ruwa. "Wanda ya ci bashi don uwarsa ba a barinsa shi kaɗai." Ya bi 'yan kasuwa shago-shago yana haɗa min gudummawa.

Sai ga Ɗanliti, abokin zamana a fulat, wanda bai taɓa taka kotu ba amma babu dokar da bai sani ba. "Ka ce ba ka jin Larabci, ba ka jin Turanci, sai Hausa. Ina za su samo mai Hausa? Su yi ta ɗaga shari'a har su gaji."

Zaman farko dabara ta ci. Duk abin da alƙali ya faɗa sai in washe baki in ce "Hausa", har aka ɗaga zaman. Na saya wa Ɗanliti shawarma biyu.

A zama na biyu Alhaji ya zo da mutum shida, kowa da babbar riga, ga ambulan gudummawa a aljihunsa. Muna shiga wani dogon mutum ya matso: "Massa, ina kwana? Ni ne tafinta." Ɗan Zangon Hausawa ne daga Kumasi.

Lauyan masu bashi ya fara karanto abin da na saya da katin. Da na bar shi da Larabcinsa da asirina ya rufu, don Larabcin su Alhaji bai wuce "kam hadha" da "yalla" ba. Amma ni da bakina na nemi Hausa, ga tafinta da murya kamar ladan.

"Hayar motar tsere, awa biyu."

"Wasan ƙanƙara a cikin mol, sau uku."

"Hawan raƙumi da ɗaukar hoto." (Ni da raƙuma ke wucewa ta ƙofar gidanmu kyauta.)

"Asibiti…"

Na ji Alhaji a bayana ya ce, "Yawwa."

"…dashen gashin kai, sau biyu."

Ban waiwaya ba, amma na san duk hulata suke kallo. Sai dai abin da ya fi ƙona min rai shi ne "sau biyu" ɗin nan. Sharri ne! Sau ɗaya na biya, na biyun gyara ne kyauta. Ban san lokacin da na zabura ba: "La, la, ya sheikh! Marra wahida bas!" Wato sau ɗaya tak. Na ci gaba da zuba bayani da Larabci tiryan-tiryan, inda ya ƙare min na cike da Turanci.

Alƙali ya cire tabarau ya yi magana. Bawan Allah tafinta, don cika aiki, ya fassara: "Ya ce in zauna, wai ka fi ni iyawa."

Aka yanke in riƙa biya wata-wata, kuma ba ni ba fita ƙasar sai na gama.

A baranda Alhaji ya buɗe ambulan, ya dinga kiran suna yana mayar wa kowa kuɗinsa a gabana. Wallahi na so ƙasa ta tsage. Da ya gama sai ya juyo.

"To, mu gani."

"Me, Alhaji?"

"Abin da muka kusa biya."

Na cire hula. Kai tal kamar bayan ƙwarya. Ya daɗe yana dubawa, har da zagayawa ta ƙeya.

"Innalillahi. Ko na iri bai fito ba."

Kwantenarsa ta gaba wani ya ba, da ta bayanta, da duk sauran. Shekara biyu ina biyan bashin gashin da babu, da albashin da ya ragu. In bashi ya biyo ka, ɗan'uwa, je ka amsa da bakinka. In kuwa ka riga ka shara wa mutane ƙarya, kada ka roƙi kotu ta nemo mai fassara musu gaskiya.