Zaren da Na Ɗaura wa Kaset

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku. Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muryata ta tona mini asiri a gaban ikkilisiya. Jikata ce ta tuno mini, da na ji tana ƙorafi wai shafin intanet na wurin aikinsu ya yi girma, sun rasa tsarin da za su zaɓa don adana abin da ke cikinsa. Ban san intanet ba, amma wannan ciwon na san shi.

Zamanin mulkin soja ne, a Kafanchan. Zumuntar Mata ta majami'armu ta sayi rediyo mai ɗaukar murya, sai ɗoki ya kwashe mu. Waƙar aure mu ɗauka, ta jana'iza mu ɗauka, har zaman taronmu ba mu bari ba. Da kaset ya kai goma sha biyu, aka zauna a yanke yadda za a ajiye su.

Malama Rifkatu, mai ba mu waƙa, tana koyarwa a firamare. Ta ce a sayi littafi, a ba kowane kaset lamba, a rubuta abin da ke ciki, a jera a kabad ɗin majami'a yadda kowa zai iya nema. Ni kuwa ban taɓa shiga aji ba, kuma ni ce mai ajiya. (Gaskiya tsoro ne ya kama ni: in littafi ya shigo, ni na fita.) Na miƙe na ce zare ya isa. Ja na aure, baƙi na jana'iza, kore na godiyar kaka, fari na Kirsimeti. Yawancinmu ba mu yi boko ba, sai aka tafa mini.

Shekara biyu aiki ya tafi sumul. Daga nan matan Madakiya da na sauran ƙauyuka suka fara aiko nasu. Launi ya ƙare, na koma ƙulli: ja mai ƙulli ɗaya, ja mai ƙulli uku. Damina ta taɓa akwatin da nake ajiye su, wasu zaren suka koɗe. Masu aro in zare ya tsinke, sai su ɗaura wanda suka samu. Na ga wannan duka, na ja bakina na yi shiru.

Ana nan Malama ta rasu. Da auren 'yarta Godiya ya matso, yarinyar ta zo ta durƙusa ta ce, "Mama, abu ɗaya nake roƙo. Waƙar da mamata ke bayarwa in amarya za ta shigo, ina so in shiga majami'a da muryarta."

Na bugi ƙirji na ce an gama. Matar fasto ta ce, "Mama, mu gwada shi tun yau mana." Na ce, "Sai ka ce ban san aikina ba?"

Ranar Asabar majami'a ta cika, dangin ango sun zo tun daga Kajuru. Amarya na bakin ƙofa. Aka kara wa rediyo lasifika, na ciro ja mai ƙulli biyu, na danna.

Aka ji tari, aka ji jan benci. Sai ga muryata, ras: "Littafi na masu kai mai yoyo ne! Ni kaina shi ne littafi. Ko kaset dubu ne, ido rufe zan ciro!"

Taron da muka yanke maganar zare ne, ashe rediyo na ɗauka. Dariya ta ɓarke har kan benci na dattawa. Ina laluben wurin kashe rediyon, sai muryar Malama ta fito a hankali: "Mama, ban raina kanki ba. Amma ranar da suka yi yawa fa? Ranar da ɗayarmu ba ta nan fa?"

Dariya ta yanke. Daga bakin ƙofa Godiya ta ce, "Mama, bar shi." Ta tsaya ta ji maganar uwarta har ƙarshe, hawaye na zuba. Sannan matan Zumunta suka buga tulunsu na kiɗa, suka ɗauki waƙar da bakinsu, ta shigo.

Ranar Litinin na ɗora akwatin a ka, na kai majami'a. Mako uku muna sauraron kaset ɗaya bayan ɗaya, sakatariya na rubutawa. Waƙar Malama ta fito a lamba tamanin da bakwai, da baƙin zare a jikinta.

Godiya tana Sabon Tasha da 'ya'ya huɗu, kaset biyun suna wurinta. Wai na taron ta fi saka wa baƙi. Matar fasto, har ta bar garin, in na ce na san abu sai ta ce, "Mu gwada tun yau?" Rediyon ya mutu tuntuni. Ni kuwa na koyi gane lamba daga ɗaya zuwa ɗari biyu, iyakar bokona ke nan.

Na ce wa jikata ta zaɓi tsarin da zai ɗauki abin da ba su tara ba tukuna, wanda baƙo zai nema ya samu ranar da ba ta nan. Kuma ta gwada shi kafin amarya ta iso ƙofa.