Gagarasanyi da Kalmar Kakanninsa

Duk tsaunukan Derbyshire ba a taɓa haihuwar masani irin Mista Horace Bagshaw ba. Shi da kansa ya faɗa, wa zai musa? Tunda ya ajiye aikin gidan waya ya naɗa wa kansa shugabancin Ƙungiyar Ceto Maganar Kakanni, mai mambobi uku: shi, da matarsa Enid, sai Doreen mai gidan giya da ta ba su aron ɗaki.

Kalma ɗaya tak ya sa a gaba: "nesh". Da ita tsofaffin yankin suke kiran mutum mai rakin sanyi, yaran zamani kuwa sun manta da ita.

"Jama'a, kalmar nan gado ce!" in ji shi. "Wanda ya kwana da safa, nesh ne. Wanda ya hura shayi kafin ya kurɓa, nesh ne. Ni kuwa sanyi ne ke tsorona!"

Ba wanda ya tsira. Karen limamin coci ma, da aka ɗinka wa 'yar riga, sai da ya tsayar da shi a titi ya karanta masa laifinsa. Gari ya sa wa Horace suna Gagarasanyi, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Rannan Doreen ta gaji. "Horace, surutunka ya kori masu sayen giya. Ranar sabuwar shekara ka shiga tafki tare da samari yadda aka saba, ko ka bar mini kujerar shugabancin nan."

Enid ta ce, "Rufa wa kanka asiri, tsoho. Riguna nawa ne a ƙarƙashin kwat ɗin nan?"

Ya harare ta. Ai baki shi ke yanka wuya.

Ranar kuwa gari ya cika bakin tafki, aka fasa ƙanƙara da gatari. Samari suka faɗa suka fito da gudu. Sai ga gwanin ya taho da gajeren wando, ƙafafu kamar sillen kara, ya ɗaga hannu zai yi jawabi.

"Asalin wannan kalma..."

Babban yatsan ƙafarsa ya taɓa ruwa. Wallahi ihun da ya kurma sai da tumaki suka watse a kan tsauni. Ya zabura ya fizge rigar karen liman ya naɗe wuya, ya faɗa motar Doreen ya kulle, yana roƙon a kunna masa zafi don Allah.

Kujera dai ta tafi. Abin da ya fi ci masa rai, kalmar ma ta bi ta, don gari ya sami wadda ta fi daɗin faɗa. Yanzu in yaro ya ƙi fita saboda sanyi, uwarsa ba ta cewa nesh. Sai ta daka masa tsawa, "Tashi ka fita, kar ka zame mini Horace!"