Yaƙin Kurmin Marke da Gashin Bakin Dakta Bulus

Wannan shi ne tarihin gwarzo ɗan gwarzo, Dakta Bulus ɗan Istifanus ɗan Barau Maigarma, sarkin masu tonon tarihi, ma'abocin digiri uku da tabarau biyu, mai gashin baki kamar ƙahon ɓauna, wanda tun da aka haife shi bai taɓa tambayar mahaluki hanya ba, domin takarda ta wadace shi.

Da ya karanta a wata tsohuwar wasiƙa cewa 'yan mishan sun taɓa gina ƙaramar majami'a a Kurmin Marke, sai ya rantse a gaban dagaci cewa muddin kwana bakwai suka cika bai tono ta ba, a aske gashin bakin nan da ya shekara ashirin yana kiwo.

Ya ja rundunar ɗalibai shida da diga biyu da rariyar aro, ya zaɓi wani faffaɗan dutse a gindin marke, ya shimfiɗa masa darduma, ya mai da shi karagar mulki. Daga nan yake tsawa: "Ku tona, 'ya'yan ilimi!" Iya Rifkatu, tsohuwar da ke kawo musu kunu, kullum sai ta durƙusa a gaban dutsen ta sunkuyar da kai, shi kuwa gogan ya ce mata ya isa haka, ta tashi.

Aka gwabza. Kwarkwasa ta kai farmaki, sadaukai suka ranta a na kare, suka dawo suna susa. Ganimar mako guda: murfin kwalba, rabin takalmin roba, da haƙorin akuya.

Rana ta takwas wanzami ya iso da sassafe, a kan karagar ya yi aikinsa. Dakta ya miƙe ransa a ɓace, aka naɗe darduma, sai ga gicciye a sassaƙe a jikin dutsen.

"Madalla, yau na ga bagadinmu," in ji Iya Rifkatu. "A gabansa aka yi mini baftisma."

"Iya, me ya hana ki faɗa?"

"Ba a tada babba daga mazauninsa, ɗana. Kuma ai ba ka tambaya ba."

Dakta ya kai hannu zai murza gashin baki, kamar yadda ya saba in nasara ta samu. Hannun ya tarar da fili.