Rasuwar Ɗan Magarya, Mariƙin Rezar Malam Lawal

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haɓa mai cike da tsiron furfura, iyalan Malam Muhammadu Lawal, tsohon hedimasta a Gwiwa, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar mariƙin rezarsa na ƙarfe, wanda aka fi sani da Ɗan Magarya. Ya rasu ranar Juma'a da hantsi, bayan shekara arba'in da uku a hannun Malam, ban da waɗanda ya yi a hannun mahaifinsa, wanda ya sayo shi a kasuwar Babura wurin wani ɗan Nijar.

Marigayin mai nauyi ne, mai haƙuri, ba ya son hayaniya. Iyakar maganarsa "ƙiris, ƙiris" a kan kunci kowace safiyar Juma'a, sai "ƙwal" in an jefa shi cikin kofin silba. Bai taɓa yanka Malam da gangan ba. Reza nawa ya aura ya saka, wannan sai Allah, amma babu wadda ta fita tana zaginsa.

Shi ma Malam, a faɗi gaskiya, ya riƙe amana. Da ya gama aski zai warware shi gida uku, ya wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ya bi shi lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori, ya tsane shi da farin ƙyalle, sannan ya ɗiga masa man keken ɗinki, ɗigo ɗaya tak, a bakin sukuru. 'Ya'yan gidan sun sha cewa ko su ba su sami wannan gata ba, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Ciwon ajali ya same shi ana shirin sunan jika. Hajiya Fatu, mai ɗakin Malam, ta fito da kwanuka ana goge-goge, ta ga marigayin ya dushe, tausayi ya kama ta. Ta tsoma shi cikin ruwan tsamiya tare da cokula, ya wuni ya kwana, sannan ta dirje shi da toka da yashi kamar gindin tukunya. Kai jama'a! Farin jikinsa ya saɓule, sukurun ya zaizaye. Malam ya zo ɗaura reza, aka ji "ƙas", shi ke nan. An garzaya da shi a kan babur wurin Sama'ilu mai walda a Kazaure. Sama'ilu ya juya shi, ya girgiza kai, ya ce a yi haƙuri, irin wannan ƙarfen wuta na taɓa shi zai narke.

Ya rasu ya bar buroshin kumfa, da madubi mai tsaga, da reza huɗu sabbi fil a takardarsu, bayin Allah ko tarewa ba su yi ba. Ya kuma bar gida shiru. Kwana biyar Malam bai ce wa Fatu uffan ba, tuwonta ma loma biyu yake yi ya ture, ita kuwa ido ya kumbura don kuka, tana ta maimaita cewa so ta yi ya yi ƙyalli ranar suna. Shekara talatin da takwas da aure ba a taɓa jin kansu ba, kuma wallahi wannan shirun ya fi rasuwar ciwo.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis bayan la'asar. Masu sayen gwangwan kada su wahalar da kansu, gawa ba ta sayarwa ba ce. Fatu ce ta ɗinka likkafani da hannunta. Da aka kai wa Malam ya daɗe yana kallon ɗinkin, sannan ya yi gyaran murya ya tambaya ko akwai sauran tuwo. Za a binne marigayin a ƙasan adaka, kusa da hular mahaifin Malam.

Ahmad, babban ɗan gidan, ya sayo sabon mariƙi na roba daga Roni. Malam ya rantse hannunsa ba zai taɓa wannan abin wasan yara ba, don haka Fatu ce za ta riƙe shi, ita da ba ta taɓa yi wa kowa aski ba. Ana karɓar gaisuwa a zaure. Duk wanda ya ga auduga manne a haɓar Malam ranar Juma'a, ya yi ta'aziyya ya wuce, kada ya tambaya.