Ranar da Manhaja Ta Auna Surutuna

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a bayan La'asar a shagon Ammu Siddiƙ ba, ranar da na tsaya gaban mutane ina tallar abin da zai kunyata ni, har da ɗaga murya.

Ni direba ne a nan Jidda. Ina kai 'ya'yan kafilina, wato maigidana, makaranta in dawo da su, sauran aikin kuma jira ne: ƙofar makaranta, ƙofar asibiti, ƙofar kanti. Sai da furfura ta fito min sannan na shiga ajin manya da Malam Nura yake yi mana a unguwar Waziriyya. (Ma'aikacin asibiti ne da ya zo daga Nijeriya da kwantiragi, kuma Allah ya ba shi haƙurin zama da tsofaffi masu riƙe biro kamar za su soki wani.) Ranar da na fara haɗa jimla da kaina, ji na yi gari ya yi min kaɗan.

A ajin aka kawo shawarar mu yi ɗan fim na waya, mu ja kunnen sababbin zuwa a kan masu cewa za su gyara musu iƙama, wato takardar izinin zama, ta bayan fage. Da yake ni ne mai labari in ana shan shayi, aka ce ni zan rubuta. Ammu Siddiƙ, dattijon da iyayensa suka zo daga Sudan, mai shagon labule a unguwar Bagdadiyya, ya ce zai ɗauki nauyi. Jarumi kuwa Habu ne, taubashina, wanda tun muna yara yake cewa fuskarsa ta talabijin ce. Ni na roƙi ƙaramin matsayi kawai, wani direba mai suna Baba Sale, ya leƙo ya ba da shawara ya wuce. Kowa ya yaba da sauƙin kaina.

Malam Nura ya ce ba a rubuta fim kamar wasiƙa. Akwai manhajojin da ke jera komai, sunan mai magana a tsakiya, maganarsa a ƙasa, kowace fitowa da lambarta. Ya sa min guda uku a waya.

"Ka gwada su a natse," in ji shi. "Ran taro ka gaya mana wadda ka zaɓa, ka nuna mana rubutun. In jama'a sun gamsu, kai ne marubuci. In ba su gamsu ba, akwai wani abokin aikina mai saurin hannu."

Wannan mai saurin hannun ya tsaya min a rai. Ban taɓa ganinsa ba, amma na tsane shi.

Na fara da ta farko. Kyauta ce, sai dai ina cikin rubuta kukan jarumi za ta rufe fuskar waya da tallar katifa. Kuma da na shiga wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa, intanet ya ɗauke, ta tafi da rubutun wuni guda ko sallama babu. Ta biyu 'yar gayu ce, ta fi son babbar kwamfuta, a waya sai ka yi ta matse ido. Ga shi 'yan wasanmu haifaffun Jidda ba sa ƙare jimla ba su tsallaka Larabci ba, ita kuma da ta ga harafin Larabci a tsakiyar boko sai ta birkice, farkon magana ya koma ƙarshe.

Ta uku ce ta sace min zuciya. Tana aiki ko babu intanet, tana karɓar Larabci da boko a layi ɗaya ba faɗa, kuma in ka buga harafin farko na suna sai ta cike maka sauran. (Ga mai rubutu da yatsa ɗaya, wannan ba ƙaramar sadaka ba ce.) Sannan tana da wani maɓalli da ke zana da'ira kamar faifai, ta yanka ta launi-launi, ta nuna rabon maganar kowa. Na gwada da gaisuwar mutum biyu, ta raba daidai, rabi da rabi. Na ce lallai wannan mai tsoron Allah ce. Daga nan ban sake taɓa maɓallin ba, na duƙufa rubutu.

A nan sai in faɗi gaskiya. Rubuta maganar Habu wahala gare shi, sai na tsaya na yi tunanin me zai ce. Baba Sale kuwa, abin da zan faɗa shi zai faɗa, hannuna gudu yake yi. Kuma yawanci da yunwa nake rubutun, a cikin mota, ƙamshin gidajen abinci yana shigowa ta taga.

Ran taro aka haɗa wayata da talabijin ɗin shagon. 'Yan aji sun cika, an zauna a kan dardumai tsakanin labulaye. Na tashi na kushe ta farko, na yi wa ta biyu ba'a, aka yi dariya. Kaina ya ƙara girma.

"Amma wannan," na ce, "ba ta san son kai ba. Ko ɗan'uwanka ka fifita, za ta faɗa. Alƙaliya ce!"

"Mashallah," in ji Ammu Siddiƙ. "Yalla, ya shekh, danna mu ga alƙaliyar."

Na danna.

Da'ira ta fito, kusan dukkanta kore. A gefe guda akwai wasu 'yan siraran launuka a matse, kamar fasinjojin da aka tura bayan mota. Ja ɗin cikinsu bai fi tsinken sakace ba.

Habu ya miƙe wuya. "Taubashi, wannan koren ni ne ko?"

Na ƙura wa da'irar ido. Sunayen suna nan a rubuce a ƙasa, ƙanana. Malam Nura ya riga ya karanta, na ga kafaɗarsa tana rawa don dariya.

"Ɗalibina zai karanta mana," in ji shi. "Ai yanzu ya iya. Bismilla, da ƙarfi."

Wallahi tunda na shiga ajin nan ban taɓa kewar jahilcina ba sai ranar. Na so in ce idona ne, na so in ce rubutun ya yi ƙanana. Amma mutumin da ya gama cika baki a kan manhajoji uku ba zai ce bai ga harafi ba. Na matsa kusa da talabijin, na bi da yatsa yadda aka koya min.

"Kore... Ba-ba... Sa-le."

"Wanda zai leƙo ya wuce?" in ji wani daga baya. "Ashe da katifarsa ya leƙo!"

"Ja fa?" in ji Habu.

"Ja... Habu."

"Tsinken nan? Ni jarumi? Malam, buɗe mana mu ga me na faɗa."

Malam Nura ya taɓa jan, manhajar ta jero maganganun jarumi kaf a shafi ɗaya, har da sauran fili. Na karanta su ma: "To." "Na'am, Baba." "Gaskiya ne, Baba." "Wayyo!"

"Wayyon na mene ne?" in ji Habu.

"Mari ne," na ce a hankali. "Ɗan damfara ya mare ka."

"Kai kana ina?"

"Ina ba ka shawara."

Shago ya kece. Ammu Siddiƙ yana share hawaye da gefen rawaninsa, ya ce a duba masa kayan da zai tanada, tunda shi ne mai nauyi. Manhajar tana da wannan ma. Duk fitowar da Baba Sale yake ciki, ta rubuta: tiren shinkafar mandi da nama. A wata fitowar, cikin ofishin 'yan sanda ne ma.

"Ya ammi," in ji Habu yana duban Ammu Siddiƙ, "wannan ba fim ya rubuta ba, walima ya shirya wa kansa."

Na tsaya ina jiran a kira mai saurin hannu. Ammu Siddiƙ ya sha ruwa, ya gyara zama.

"Halas, shi ke nan. Manhaja ta uku muka ɗauka, don ta fi mai ita gaskiya. Marubuci kuma yana nan, wanda ya iya cika da'ira haka ya iya rubutu. Amma jarumi ne zai yanke wa Baba Sale hukunci."

Habu bai ko yi tunani ba. Ya ce Baba Sale ciwon haƙori yake yi, daga farkon fim har ƙarshe, an ɗaure masa haɓa da ƙyalle. Kuma ni zan rubuta hakan da yatsana.

Na rubuta. Haka na fito a fim ɗin, kai a ɗaure, ina nuni da hannu, Habu yana zuba jawabi a kan tiren da aka tanada domina.

Abin da na koya shi ne, in za ka zaɓi manhaja, kada ka tsaya kan wadda ta fi sauƙi ko ta fi kyau. Ka fara tambayar me ta sani a kanka, kuma ka tambaye ta a cikin mota, gilashi a rufe.