Rasuwar Jan Tano na Bakin Rami

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tsoron da ya hana ta sakat tun ranar Alhamis, Hajiya Ramatou, matar Malam Mumuni tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, ta unguwar Bobiel a birnin Yamai, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da direbobin taksi da 'yan kabu-kabu, da duk mai taka ƙafa a layinsu, rasuwar tanonta, wato duronta na ƙarfe, wanda kowa ya sani da Jan Tano. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, a tsaye, a bakin aikinsa, yana da shekara talatin da ɗaya a hannunta. Shekarun da ya yi kafin nan yana ɗaukar mai, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Marigayin ya zo gidan ne bisa kamiyon Malam Mumuni, a shekarar da suka tare a Bobiel, lokacin rabin unguwar gonakin gero ne. Shekara ashirin da huɗu ya yi a gindin katanga yana riƙe da ruwan gida. Bai taɓa ƙorafi ba. An wanke yara biyar da ruwansa, an aurar da su, sun watse. Da tsatsa ta huda masa gindi, mutane suka ce wa Hajiya ta ba maƙera. Ta ƙi. Ashe babban aikinsa yana gaba.

Wanda bai san layin ba ya kamata a gaya masa. Akwai magudanar ruwa, kanibo, da ta bi ta ƙarƙashin gefen hanya, an rufe ta da falankan siminti. Shekara bakwai da suka wuce wata motar yashi ta taka ɗaya daga cikinsu, ya rufta. Abin da ya rage shi ne rami mai faɗin tabarma, zurfinsa ya wuce tsayin namiji, can ƙasa baƙin ruwa yana tafiya rani da damina. Ramin yana tsakanin ƙofar gidan Hajiya da masallaci. A wannan shekarar kuma, kamar haɗin baki, idanun Malam Mumuni suka ƙarasa tafiya.

To, Malam Mumuni mutum ne da ya tuƙa kamiyo shekara talatin bai taɓa kwantar da shi ba, kuma ya fi alfahari da wannan a kan komai. Ya rantse ba mai riƙe masa sanda. Ya ce ranar da aka ja shi zuwa masallaci kamar akuyar da za a kai kasuwa, ranar a haƙa masa kabari. Hajiya ta yi lallashi, ta yi kuka, ta kai ƙara wajen liman, duk a banza. Taurin kai irin na tsoffin direbobi, sai Allah.

Sai ta mirgino tanon da hannunta. Ta tsayar da shi a bakin ramin ta ɓangaren gidansu, ta cika rabinsa da yashi da duwatsu, ta shafe shi da jan fenti. Daga ranar aka yi yarjejeniya tsakanin mutum da ƙarfe. Malam Mumuni zai fito, ya ƙirga taku arba'in da ɗaya, ya miƙa sanda. Marigayin zai amsa: kwam! Sai ya karkata hagu taku bakwai, ya miƙe zuwa sahu. Sau biyar a rana, shekara bakwai cur, bai taɓa saɓa alkawari ba. Hajiya kuwa, ko tana tuƙa tuwo ko tana wanki, a ranta take ƙirga takun tare da mijinta, ba ta sakin numfashi sai ta ji wannan kwam ɗin ta tsallako katanga.

Marigayin mai haƙuri ne. 'Yan kabu-kabu masu rawar kai sun sha rungumar sa da gudu, sai a ji kwangaram, mutum ya tashi yana zagi yana karkaɗe wando, bai san an fanshi wuyansa ba. An manna masa takardun talla, awaki sun sosa jiki da shi, ya lotsa ta ko'ina har ya koma kamar tsohuwar tukunya. In ruwan sama ya sauko layin ya zama gulbi, rami da hanya suka zama ɗaya a ido, jan kansa kaɗai ke leƙowa, ruwa na dukan murfinsa, tal-tal-tal, kowa ya san inda ba a takawa. Har sunansa ya zama sunan wurin. A kasuwar Wadata in ka ce wa mai taksi Bobiel, Jan Tano, ba ya sake tambayarka.

Wannan sunan ne ya zama ajalinsa.

Ciwon ajalin ya fara ne daga takarda. Mutanen layin ba su zauna haka kawai ba. Sau huɗu suna rubuta wa biro, wato ofishin da ke kula da hanyoyi a hukumar gari, wanda ba za a kama sunansa a takardar mutuwa ba, suna roƙon falankin siminti guda ɗaya tak. Mushe Isa, tsohon malamin lakwal, makarantar boko, shi ke rubutawa da faransancinsa mai kyau, shi ke kaiwa. Kullum amsa ɗaya ce ta baki: ba a gane wurin ba, layin ba shi da suna a taswirarsu, a yi haƙuri. Da damina ta ƙarato bana, Mushe Isa ya ce ya gano bakin zaren. Tunda ba su san layin ba, a rubuta sunan da duk Yamai ta sani. Ya zauna ya rangaɗa kan takarda da manyan baƙaƙe: Haɗarin Jan Tano. A ƙasa ya roƙi a kawar da wannan haɗari kafin ya ci rai. Mutum sittin da biyu suka sa hannu. Hajiya Ramatou da kanta ta dangwala babban yatsanta, kuma yau ba ta iya kallon yatsan nan.

Wayyo, da an sani! Takardar da a da take shekara ba a waiwaye ta ba, wannan karon mako biyu kacal ta yi. Ranar Alhamis da hantsi sai ga mota da ma'aikata huɗu da wani mai riƙe da takarda. Hajiya tana can ƙuryar gida tana wanki, ba ta ji ba. Saratu mai masa, da ke suya a kusurwar layin, ita ta ga komai. Ta ga sun kewaye marigayin, sun ɗauke shi hoto, sun zazzage yashinsa, sun ɗaga shi su huɗu. Ita a zatonta share wuri ake yi don a kawo siminti. Wallahi har guɗa ta yi, ta ba su masa kyauta. Da suka wurga shi bayan mota ya yi kukansa na ƙarshe, gwaram, murfinsa ya fice ya gangara gindin teburinta. Suka tafi. Saratu ta zauna tana jiran motar siminti har aka kira azahar.

Malam Mumuni ya yi alwala ya fita. Hajiya, hannunta cikin kumfa, ta fara ƙirga kamar kullum. Talatin da tara. Arba'in. Arba'in da ɗaya. Shiru. Ta ce ko ita ce ta yi sauri. Arba'in da biyu. Shiru.

Ba ta san lokacin da ta kai ƙofa ba, ba mayafi ba takalmi. Abin da ta gani har yanzu shi take gani in ta rufe ido. Mijinta a tsaye, yana lalube da sanda cikin iska, dama, hagu, yana neman abokinsa. Yatsun ƙafarsa ta dama sun riga sun wuce bakin simintin. Kuma ta ga yana ɗaga ƙafar, don ya ɗauka ƙirgarsa ce ta ɓace, saura taku ɗaya. Ihu ya zo mata har maƙogwaro ta haɗiye shi, don ta san in ya firgita gaba zai yi. Da muryar da take tambayarsa ko zai sha shayi ta ce, “Malam, tsaya nan. Don girman Allah kada ka motsa.” Ya tsaya, ƙafa ɗaya a sama. Takalminsa ya zame ya faɗa. Su biyun suka saurara, sai da aka ɗan jima kafin su ji ya taɓa ruwa.

Ta kamo bayan rigarsa ta jawo shi. Bai yi faɗa ba, karo na farko a shekara bakwai. Tambaya ɗaya ya yi mata, a hankali, wai ina tanon.

Amsar hukuma ta iso washegari, da tambari da sa hannu. Tana gode wa mazauna unguwar saboda sa ido da kishin gari. Tana sanar da su cewa an kawar da haɗarin jan tano baki ɗaya, an rufe maganar. Tana kuma gargaɗi cewa duk wani abu da aka sake ajiyewa a kan hanyar jama'a za a ɗauke shi, a kira mai shi ya yi bayani. Mushe Isa ya karanta ta sau uku a bakin ramin, gumi na karyo masa. Ranar Litinin ya koma biron da mutum goma a bayansa. An karɓe su da mutunci, an ba su kujeru. Aka ce ai sun yi abin da aka roƙa. Maganar rami kuwa sabuwar magana ce, sai a rubuta sabuwar takarda, za ta bi layi. Ya tambaya da wane suna za a kira wurin yanzu, tunda tanon ba ya nan. Mai biron ya ce masa kala suuru, a yi haƙuri.

An kafa reshen bedi, wato darbejiya, a bakin ramin, awaki suka cinye kafin la'asar. An sa dutse, amma dutse ba ya amsa sanda, kuma ruwan farko zai shanye shi.

Marigayin ya rasu ya bar Hajiya Ramatou, wadda tun ranar ba ta ci abinci ya zauna mata ba. Ya bar Malam Mumuni da takalmi ƙafa ɗaya, da taurin kansa cikakke, don ya ce masallaci ba fashi kuma har yanzu ba mai ja masa sanda. Ya bar Saratu, da ta rantse ba za ta sake guɗa ba sai ta ga abin da ake ciki. Ya bar Mushe Isa da takarda ta shida, wadda ya kwana uku bai sami kan da zai sa mata ba. Ya bar masu taksi suna wuce wurin suna dawowa da baya. Ya bar murfinsa, wanda Saratu ta kawo wa Hajiya. Ya kuma bar ramin, da ransa da lafiyarsa, baki buɗe.

Game da jana'iza, ana ba jama'a haƙuri, ba a sami gawa ba. Wani ya ce ya ga mai kama da shi wajen maƙera an tsaga shi ana murhun gawayi, amma ba a tabbatar ba, kuma an ɓoye wa Hajiya. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, ba a ce Allah ya jiƙansa, don haka ba a ce ba.

Zaman makoki dai ana yin sa, a wurin da marigayin ya tsaya, sau biyar a rana, ba ranar tashi. Hajiya ta sa Mushe Isa ya sake karanta mata takardar hukuma a hankali, ta tabbatar an hana ajiye abu, ba a hana mutum tsayuwa ba. Saboda haka da an fara kiran salla takan riga mijinta fita, ta ɗaura jan zane, ta tsaya a sawun da gindin tanon ya bari a ƙasa, bayanta ga ramin, dugaduganta taƙi ɗaya daga bakinsa. Tana riƙe da murfin a gabanta da hannu biyu. Malam Mumuni ya ƙirga arba'in da ɗaya, ya miƙa sanda. Murfi ba shi da ciki, ƙararsa siririya ce, kwas. Ya san ba abokinsa ba ne, ya san kuma hannun da ke riƙe da shi. Yakan karkata hagu ya wuce.

Masu zuwa ta'aziyya su biyo jikin katangar masallaci, kada su biyo ta gefen mai masa. Kada kowa ya kira sunan Hajiya daga baya, kada a yi mata sallama da ƙarfi. Hajiya ta haura sittin, tana fama da jiri, kuma tun shekaranjiya hadari ke haɗuwa a gabas. Ta ce ko ruwa ya kai mata gwiwa za ta tsaya, ta riga ta auna wurin da ƙafarta.

Ba ta son goro, ba ta son hatsi. Roƙonta ɗaya ne ga duk gidan da ke jin kiran sallar masallacin nan. In ladan ya ɗaga murya, a rage rediyo, a tsayar da daka, a ƙirga arba'in da ɗaya. In kun ji kwas, ku ci gaba da harkarku. In kun ji shiru, ku rugo.