Babban Yatsan Kaka a Jikin Alƙalami

Shagon ɗaki ɗaya ne a bayan gida. Akwai injin juya itace, da benci, da gwangwanin kakin zuma, da sanfefa iri tara rataye a kan ƙusoshi, daga mai kaushi zuwa wadda ta fi tafin hannu laushi. Shekara arba'in tsohon yana yin alƙaluman katako a nan. Jikarsa ta gama karatun jinya, da ƙarfe biyu na ranar za ta sa hannu a takardar kama aiki, kuma tun tana ajin farko ta rantse da alƙalamin kakanta za ta sa. Sha biyu saura kwata ta shigo. Ta same shi a tsaye, hannunsa na dama a bayansa.

"...da gajiya, da ciwon gwiwa. To na gaishe ka, Tsoho. Ba ni alƙalamina."

"Ji gaisuwa kamar ta ɗan sanda. Ke wace irin mata ce, ki zo wa mijinki hannu rabbana?"

"Miji babu haƙori? Ai tun bara na sallame ka, takardar ce ba a rubuta ba, don babu alƙalami."

"Alƙalami yana hutawa."

"Shekara uku yana hutawa. Noma ya yi?"

"Ke me kika sani, Gajeriya? Sanfefa tara ya sha, ɗaya bayan ɗaya. Kowace sai na tsayar da inji na bi tsawon itacen da ita, don kada ta bar masa zobe. Sannan sufa gulu, gam ɗin nan mai saurin kamawa, shafi bakwai, siriri-siriri, wannan ya bushe kafin a ɗora wancan. Ƙuda ya sauka a kansa jiya, ya zame, ya karye a ƙugu."

"A kawo mini shi asibiti. Ina alƙalamin?"

"Ba ya son haske."

"Fito da hannunka."

"Hannuna fushi yake da ke."

"Tsoho, gumi kake yi har sanƙonka ya fi kayan shagon ƙyalli. Fito da shi."

Ya fito da shi. Jikin alƙalamin, baƙin itace mai jan zane, yana manne tsakanin babban yatsansa da manuniya. Abin da ya faru ba shi da tsawo. Yana gama shafi na bakwai ya ji muryarta a tsakar gida, ya zare shi daga inji da ɗanyen gulu don ya ɓoye ya ja mata rai.

Ta zauna a kan benci ta dube shi sama da ƙasa.

"Ya manne."

"Bai manne ba. Shaƙuwa ce. Shekara uku muna tare, kina so ya rabu da ni ba sallama?"

"Shi ke nan, ɗauko hularka, tare za mu je ofis. In kama ka ta wuyan hannu in sa hannu da kai. In suka tambaya, in ce haka alƙalamin ya zo da murfinsa."

"Ni ne murfin?"

"Kullum in zan rubuta magani, a turo ka a keken marasa lafiya. Da dare in rataye ka a aljihun riga."

"Aljihunki ko ɗan tsako ba zai ɗauka ba."

Ta buɗe jaka ta ciro ƙaramar kwalba ta ruwan goge jan farce. Tsohon ya ja da baya har ya bugi inji.

"Kada ki kuskura. Wannan ruwan zai cinye mini shafi bakwai cikin minti ɗaya. Gara ki yanke yatsan, ina da tara."

"Takwas. Biyu ne suka manne."

"Takwas ma sun ishe ni. Da takwas zan yi miki wani, nan da shekara uku."

"Aikin zai jira ni shekara uku?"

Ta mayar da kwalbar, ta shiga cikin gida ta dawo da man girki, da sabulu, da ruwan ɗumi a kofi. Ta zaunar da shi, ta riƙa ɗiga man a gefen yatsun tana murza alƙalamin a hankali, ba ta ja ba.

"A hankali, mahauciya."

"Kai ne majinyacina na farko, kuma ka fi na ƙarshe raki."

"Wa ya ba ki takardar shaidar nan? Makaho ne?"

"Wa ya koya maka sana'ar nan? Gulu ne?"

Sha biyu da minti arba'in manuniya ta saki. Bayan minti shida babban yatsa ya biyo. Tsohon ya goge alƙalamin da tsumma, ya kai shi bakin taga. A tsakiyar ƙyallin, daidai inda ake riƙewa, zanen babban yatsansa ya fito sarai, layi-layi.

"Kwana uku," in ji shi. "In kankare shi da sanfefa in sake daga farko."

"Awa ɗaya gare ni."

"Shekara arba'in ban taɓa fitar da alƙalami mai tabo daga ɗakin nan ba. Me mutane za su ce?"

"Za su ce ka dangwala. Daga yau duk takardar da na sa wa hannu, da yatsanka a ciki. In na yi kuskure, tare za a kama mu."

Ta karɓa ta riƙe kamar za ta yi rubutu. Babban yatsanta ya zauna a kan tabon, bai zame ba.

Tsohon ya duba, ya sake dubawa, sannan ya yi dariya har ta ga dasashinsa. Ya karɓe shi, ya danna masa bakin rubutu da bututun tawada, ya shafa kakin zuma ya goge, ya gwada a bayan sanfefa. Alƙalamin ya yi rubutu. Ya naɗe shi a tsumma mai tsabta ya miƙa mata.

"Kin ci, Gajeriya. Tafi kada ki makara. Amma ki riƙa yi wa mutane allura a hankali, tunda yanzu da hannuna a ciki."